Rigar Malam a Cikin Waya

A gidanmu na Furana akwai babbar riga guda ɗaya da ba a taɓa hana kowa aronta ba. Ta mahaifinmu ce, wanda duk gari ke kira Malam, mu ma 'ya'yansa haka muka tashi muna kiransa. Saƙi ce mai duhu, an yi mata aska takwas a ƙirji da zaren tsamiya, kuma shi ya yi aikin da hannunsa tun yana saurayi yana karatu a Zariya. In ya tashi daga darasi sai ya zauna a zaure da allura, a haka damina ta wuce, wata ta zo ta same shi bai gama ba. Ana saura aska ɗaya zare ya ƙare masa, ya nemi irinsa ya rasa, sai ya ƙarasa da wani mai ɗan ja-ja. Baƙo ba zai lura ba. Mu kuwa da muka girma muna kallon ƙirjin rigar nan kowace Sallah, ko cikin tulin riguna aka jefa ta za mu tsamo ta.

Can ƙasa kuma, wajen da ke kusa da taɓa turɓaya in ana tafiya, akwai wani ɗan tabo. Shekarar da aka kawo mahaifiyarmu, Inna, tana amarya, ta zo turara rigar sai garwashi ya yi tsalle daga kasko ya huda ta. Ta ɓuya a ɗaki tana kuka tana cike ramin da allura. Malam ya gani ya yi kamar bai gani ba. Sai da muka girma ya faɗa mana, a gabanta, cewa duk aikin da ke jikin rigar babu wanda ya kai wannan cikon kyau. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, da furfurarta da komai.

Duk saurayin da zai yi aure a Furana da ƙauyukan gefenta, in ba shi da rigar fita kunya, sai a turo babba daga gidansu ya zo ya yi sallama. Malam ya kafa wa aron nan ƙa'ida biyu. Ba a tambayar mai aro dalili, don kada a sa talaka ya faɗi talaucinsa da bakinsa. In kuma ya dawo da ita, ba a warware ta a duba, don duba kayan aro zargi ne. Yadda aka kawo ta a naɗe cikin farin ƙyalle, da ɗan goro ko turare a kai, haka za a mayar da ita adaka a kulle. Sai wani aron ya taso ake buɗewa a turara ta. Da Malam ya rasu Inna ta ci gaba da riƙon abin, makullin adakar kullum yana ɗaure a haɓar zanenta. Takan ce, "Gidan nan ba mu da shanu ba mu da mota, amma ba a taɓa zuwa aron riga an koma hannu rabbana ba." Wannan ita ce taƙamarta a duniya, ba ta da wata.

To, ana nan sai wani mawaƙi ya ɓullo daga birni. Ba zan kama sunansa ba, don ba shi ya kashe zomon ba, ratayar ma bai san an ba shi ba. Murya kam Allah Ya ba shi. Ni kaina da nake koyarwa a firamare a Ikara, da 'ya'yana da girmana, na sha kama bakina yana bin waƙarsa ina wanke-wanke. Amma ba muryar ce ta haukata samarinmu ba, bidiyonsa ne. Kowace waƙa ya fitar sai ta zo da nata salon. Yau ya hau rufin wani tsohon soro, iska na kaɗa shi, kyamara na shawagi a kansa kamar shirwa. Gobe ya juya wa mutane baya yana tafiya a hankali, sai ya waiwayo ta kafaɗa ya dafa ƙirji. Kafin mako ya zagayo za ka ga wannan waiwayen a tashar mota, a bakin rijiya, har a layin 'yan ajina in na ce su shiga ciki.

Sai ƙananan mawaƙa suka tsiro kamar tafasa a farkon damina. Daga Ikara zuwa Makarfi zuwa Kudan, duk wanda ke da aboki mai waya mai kyamara ya zama mawaƙi. Abin da babban ya yi shi za su yi, sai dai da abin da ke hannu. Ba su da kyamara mai tashi, sai a ɗaura waya a tsinin gora a ɗaga sama. Ba su da tsohon soro, sai wani ɗan Kudan ya hau kan rumbun babansa, yana cikin dafa ƙirji jinka ta burma da shi ya faɗa cikin dawa. Wani kuma ya shiga tsakiyar gonar rake zai yi waƙar soyayya, ƙaiƙayi ya hana shi ƙarasa baiti. Ni da abokan aikina mun sha dariyar waɗannan a ofis, har da riƙe ciki.

Daga nan sai babban ya fito da bidiyon da ya jawo mana. Ya sami wata tsohuwar babbar riga mai aikin hannu, aka datse ta iya ƙugu, aka cire mata faffaɗan hannuwan nan da ake naɗewa a kafaɗa, ya ɗora ta kan wandon jins da farin takalmi. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi masa kyau. Cikin ɗan lokaci tsofaffin riguna suka yi ƙafa daga hannun dillalai. Wanda bai samu ba sai ya sayi yadi ya sa tela ya zana masa aska da keke. Na ga wasu da idona a Ikara, na ce, "Oh duniya, yau kuma rigar dattawa ce ta koma 'yar shara." An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni kuwa da yake ba ni da gemu, sai na ci gaba da dariyata.

Yayana da ya rasu ya bar ɗa namiji guda ɗaya, a hannun Inna ya tashi. Ita ke kiransa maigidana, shi yana ce mata amarya. Kullum suna cikin tsiya irin ta jika da kaka, ya ce miyarta ba gishiri, ta ce ai bai ba da cefane ba. Da ya girma ya dawo Ikara yana tsaron wani shagon caji, inda ake tura wa mutane waƙoƙi a waya. Na san yana 'yan waƙe-waƙe, don murya gadonta ya yi, irin wadda Malam ke karatu da ita ce sak. Na ɗauka ƙuruciya ce, za ta wuce.

Bayan an gama girbi ya je Furana, ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Amarya, aron rigar tsohon mijinki na zo." Ita ta ba ni labarin a waya tana dariya. Ta ce har ta buɗe baki za ta ce masa wa zai ba ka 'yarsa, sai ta tuna dokar Malam ta haɗiye. A ranta ta yanke cewa wani abokinsa ne zai yi aure yake jin nauyin turo babba. Ta turara rigar, ta naɗe, ta ba shi. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da ita cikin farin ƙyallenta, da kwalbar turare a kai. Inna ta sa masa albarka, ta mayar da ƙullin adaka yadda ya zo, ta kulle. Da yake yanzu yawancin angwaye shadda suke ɗinkawa, aro ya ja baya, har rani ya yi nisa ba a sake buɗe adakar ba.

Ranar da na gani, daga kasuwar Makarfi nake dawowa. An matse mu a bayan mota, ƙafata bisa buhun wani, kwandon tumatirin wata yana ɗiga a zanena. Budurwar da ke kusa da ni tana kallon waƙa a waya, ta ƙure sauti. Muryar ce ta fara jan kunnena, na ji kamar na san ta. Na leƙa. Wani saurayi ne a gefen gonar rake, ya juya baya yana tafiya a hankali cikin guntuwar riga mai duhu, damatsansa a waje. Na ce a raina, ga wani kuma. Sai ya waiwayo ta kafaɗa, ya juyo gaba ɗaya ya dafa ƙirji. Ɗan yayana ne. Ƙarƙashin tafin hannunsa kuma ga aska takwas, ta ƙarshen mai ɗan ja-ja.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da direba ya taka birki yana tambaya ko wani abu ne ya faɗi. Na fizge wayar daga hannun 'yar mutane, na ce ta mayar mini baya. Ta mayar. Na ce ta tsayar daidai ƙirjin. Ta tsayar, ta ja hoton da yatsu ya girma. Ina ta neman sauran rigar a cikin gilashin wayar, wai ko in na duba da kyau zan ga cusa ta ya yi a wando. Ba cusawa ya yi ba. An yanke ta, har an kalmashe bakin da keke.

Yarinyar ta ce, "Mama, kin san shi ne? Ai waƙar ta daɗe da fita, kowa yana da ita. Cewa ake yi rigarsa ta fi ta duk sauran, don tasa ta gaske ce."

Na miƙa mata wayarta. Daga baya na gano har 'ya'yan cikina suna da waƙar a waya, yaran maƙwabtan Inna a Furana ma sun gani. Duk sun gane rigar, kuma babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya wa babba, wai kunya. Wata da watanni ana yawo da rigar Malam a aljihu, mu da abin ya shafa muna zaune kamar an rufe mu da kwando. Wannan ya ƙona mini rai kusan kamar yankan kansa.

Ko gida ban je ba, da kayan cefanena na wuce shagon cajin. Ya hango ni ya taso da fara'a zai karɓi kaya.

"Goggo, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya kasuwa?"

Ban amsa gaisuwar ba. Na ce, "Ina rigar Malam?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana wajen Inna, Goggo."

"Wacce ke wajen Inna? Wadda ka karɓa, ko wadda ka mayar?"

Samarin da ke zaune a benci suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Goggo, wallahi ba don raini na yi ba. Rigar nan tana kwance a adaka, ba mai sa ta, ƙarshenta asu ne zai cinye. Yanzu kuwa har a Kano an ga aikin Malam. Shi kansa mawaƙin an ce ya ga bidiyon ya yaba. Ni a ganina raya ta na yi."

"Raya ta? Da almakashi?"

Na zage shi tas, irin zagin da ban taɓa zaton zan yi wa ɗan marigayi ba. Na ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na ce shi wancan da kake kwaikwayo, ka tabbata rigar kakansa ya yanka? Ai ta wani ce da bai sani ba, ya tsinta a kasuwa. Da na gaji na tambaye shi yadda aka yi Inna ba ta ji ƙullin ya yi sauƙi a hannu ba. Ya ce da wani tsohon labule ya cike shi. Nan ne na zauna a bencin. Yankan zan iya cewa ƙuruciya ce, amma labulen nan shiri ne. Ya san ba za a buɗe ba, ya kuma san dalilin da ya sa ba a buɗewa, don a cinyar Inna ya ji shi tun yana ƙarami.

Ina cikin tunanin yadda zan tunkari tsohuwa, washegari da safe sai ga wayarta, muryarta fes da murna. An aiko daga garin Malikanchi, kawun wani ango zai zo aron riga jibi.

Ta ce, "An daɗe ba a zo ba, har na ɗauka an manta da mu. Ki zo ki kama mini mu warware ta, kin san ba ta warwaruwa da mutum ɗaya."

Na ce, "To, Inna." Na kashe wayar na fashe da kuka.

Na tasa ƙeyar yaron zuwa Makarfi wajen telan da ya yi aikin, ko Allah zai sa ƙyallayen na nan a harhaɗa. Na san ba za ta koma yadda take ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Telan shi ma saurayi ne, ya liƙa hoton mawaƙin a bangon shagonsa. Da ya ji abin da ya kawo ni ya yi ta sosa ƙeya.

Ya ce, "Hajiya, ai da kin zo da wuri. Da waƙar ta fita yara suka yi ta zuwa suna roƙon ragowar. Hannu ɗaya wasu 'yan Kudan suka raba, huluna na yi musu. Ɗayan wani ya sa na liƙa masa a bayan jaket. Akwai ma wanda na yi wa jakar waya. Gaskiya irin wannan saƙar ba a yin ta yanzu, almakashina ma sai da ya ji jiki."

Ya ɗauko wayarsa zai nuna mini bidiyoyin yaran, wai in ga yadda suka fito. Na ce in ya kunna sai na fasa ta a kansa. Har na juya zan fita sai idona ya faɗa kan wani tsumma a gefen kekensa, ya yi baƙi ƙirin da mai. Da shi yake goge keke. Na ɗauka na warware. Ƙasan rigar ne, ɗan siririn yanki, ga cikon Inna a tsakiyarsa, zare kan zare. Na ƙulle shi a bakin mayafina na fita.

Ranar da kawun ango zai zo muka isa Furana da hantsi, ni da yaron. Duk hanya ina tsara maganar da zan yi. Muka tarar Inna ta sa an share zaure, ta shimfiɗa tabarma a ɗaki, ta hura garwashi a kasko. Tana ganinsa ta washe baki.

"Maigidana, yau ka tuna da amaryarka? Ina cefane?"

Ya durƙusa a bakin ƙofa. Duk abin da na tsara ya gudu daga kaina. Ta kwance makulli daga haɓar zane, ta buɗe adaka, ta ɗauko ƙullin ta ɗora a tabarma. Na ce, "Inna, tsaya, akwai magana." Ta ce, "Bari mu gama da wannan tukuna, kada garwashi ya mutu."

Ta kwance ƙyallen. Ta kama kafaɗun rigar ta miƙe tsaye ta ɗaga ta sama yadda ta saba, tana jira in kama ƙasa in ja da baya. Labulen ya zame ya faɗi a ƙafarta. Lokacin idonta ya fara rauni, sai ta sa hannu tana laluben ƙasan rigar, ta bi kalmasar keke da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ta laluba inda hannuwa suke ba ta ji komai ba. Ta leƙa cikin adaka. Ta ɗaga labulen ta girgiza shi.

"Ina sauran?"

Na gaya mata a gajarce, da waƙar da telan da 'yan Kudan. Na ɗauka za ta faɗi, ko ta yi kururuwa, ko ta yi masa baki. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna, ta ɗora rigar a cinya, ta daɗe tana shafa askar nan mai ja-ja. Can ta ce, "Kai yaro, tashi ka ba ni wuri." Tun da aka haife shi ba ta taɓa ce masa yaro ba. Duk zagin da na yi masa a shago bai zubar da hawaye ba, amma wannan ta sa ya fita yana kuka kamar an yi masa mutuwa.

Ta juyo gare ni ta ce, "Yanzu me zan ce wa mutanen Malikanchi?"

Ba ta rufe baki ba muka ji sallamar kawun ango. Dattijo ne mai farin gemu, aka yi masa iso, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki.

"Hajiya, barka da hantsi. Mun same ku lafiya? Ya gida, ya iyali? Ya ƙarfin jiki? Ya aka ji da zafin nan?"

"Lafiya lau, Alhaji, alhamdu lillahi. Ya mutanen Malikanchi? Ya hidimar biki? Allah Ya sanya alheri."

"Amin, amin, Hajiya. Suna gaishe ki."

Gaisuwa ta ƙare. Ni dai ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta gyara zama ta ce, "Alhaji, yau za ka ji abin da ba a taɓa ji ba a gidan nan. Rigar da ka zo aro..."

Dattijon ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. "Hajiya, in maganar yankan ce, ai mun sani."

"Kun sani?"

"Mun sani. Wallahi da nauyi na taho, ƙafata ba ta so ba. Angon nan an ɗinka masa shadda sabuwa dal, ni na kai ɗinkin da kaina. Ya ce wajen ɗaurin aure zai sa, amma in abokai suka taru sai wadda aka yi waƙa da ita, wai za a ɗauke su a bidiyo. Na yi faɗa, uwarsa ta yi, ya kafe. Da tana nan yadda take a da, ai ba zai turo ni ba." Ya nisa ya ce, "Ni a cikinta aka ɗaura mini aure, Hajiya. Ban manta ba."

Ina ta mutuwa da kunyar yadda za a ce wa mutane riga ta lalace, ashe lalacewar aka zo aro. Zuciya ta ɗebe ni, na manta da furfurarsa na ce, "Wallahi Alhaji ko sama da ƙasa za su haɗu..." Inna ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Ba mu tambaye ka dalili ba, Alhaji, kai ka faɗa. Gidan nan ba a zuwa aro a koma hannu rabbana."

Ta jawo kasko, ta zuba turare, ta riƙe guntuwar rigar a kai. A da hayaƙi kan daɗe yana yawo a cikinta kafin ya sami hanyar fita, ranar kuwa nan take ya fice ta wuya da hammata. Ta naɗe ta a farin ƙyallen, ƙullin ya zama ɗan mitsitsi, ta miƙa mini na miƙa masa.

"In ya gama ya riƙe, ko ya ba wani mai so. Ba sai an dawo da ita ba."

"Haba Hajiya, kayan aro ai dole..."

"Wadda nake ajiya ba ita ce wannan ba. Allah Ya ba su zaman lafiya."

Bayan ya tafi na kwance bakin mayafina na ɗora mata tsumman a tafin hannu. Na so in wanke shi tukuna, amma na kasa jira. Ta shinshina, ta yamutsa fuska saboda warin mai. Sai yatsanta ya faɗa kan cikon. Ta tsaya cak. Ta bi shi a hankali daga farko har ƙarshe, ta sake dawowa. Ta ce, "Malam ya gani fa tun ranar. Shiru kawai ya yi." Nan ne ta yi kukan, irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar da aka fita da Malam.

Kafin ruwa ya sauka mawaƙin ya fitar da sabon bidiyo cikin farar kwat, samari suka koma neman kwat a gwanjo. Guntayen rigunan da aka yi ta yayi na riƙa ganinsu jikin masu tallan rake a tasha. Ɗan yayana ya yi ta zarya Furana har Inna ta ce ta yafe masa, kuma na yarda ta yafe, don tana ba shi tuwo tana sa masa albarka. Amma kalmar maigidana ba ta sake fitowa daga bakinta ba, shi ma bai sake samun ƙarfin ce mata amarya ba.

Tsumman kuwa da hannunta ta wanke shi, man bai fita duka ba. Ta shanya, ta turara, ta naɗe shi a sabon farin ƙyalle, ta sa shi shi kaɗai a ƙasan ƙatuwar adakar nan, ta kulle. Ba a sake zuwa aro ba. Makullin yana nan ɗaure a haɓar zanenta har Allah Ya karɓi abinsa, ni na kwance shi ranar da za a yi mata wanka.